Nonon jaki: Kafin ka biya kuɗi, tambayi watan ɗan jakin

Idan kana yawan zama a TikTok ko Facebook, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Wata ce za ta fito fuska tana sheƙi, riƙe da farin sabulu ko ƙaramar kwalba, tana rantsuwa cewa nonon jaki ne zalla, yana goge tabo, yana gyara fata, har ma wai ya fi kowane nono kama da na uwa. Daga nan sai a kawo maka labarin Kiliyofatira, sarauniyar Masar da aka ce da shi take wanka.

Ni ma bidiyon ya iso gare ni a hutun da ya wuce, ina gida Ɗambatta. Wani abokina ne ya turo mini a WhatsApp, ya biyo shi da saƙon murya: "Mutumina, ga harka ta samu. Ba kawunka yana da jaka ba? Mu riƙa tatsa kawai muna ɗurawa a kwalba." Jakar da yake nufi macen jaki ce fa, ba ta ratayawa ba. Kuma gaskiya ne, kawuna yana da ita, ta ma haihu bai fi wata biyu ba a lokacin.

Da na je wa Kawu da maganar, sai da ya gama dariyarsa tukuna. Ya ce, "Kai ɗan nan, bokon naku har ya kai ga hantsar jaki? To je ka tatsa in gani." Na je. Na fi minti goma a tsugune, rabin hankalina yana kan ƙafarta ta baya, abin da na samu bai rufe gindin kofi ba. Na ɗaga shi a rana na duba: fari ne amma tsararo, kamar an wanke kwanon madara da ruwa. Ba ya kama jikin kofi yadda nonon saniya ke yi. Wannan tsinkewar ce ta sa na koma na yi ta karatu a kansa, tunda dai abin da ake koya mana a sashen koyon aikin jarida ke nan, ka bincika kafin ka yaɗa. Abin da na gano shi ne, "nonon jaki" ba abu ɗaya ba ne. Wanda aka tatsa ɗan yana da wata guda daban yake da wanda aka tatsa ɗan yana da wata shida, kuma inda bambancin ya fi fitowa shi ne a maiƙonsa.

Maiƙon cokali ɗaya

Bari mu fara da yawansa. Nonon saniya yana da maiƙo wajen kashi 3.5 zuwa 4 cikin 100, na shanunmu masu tozo ma yakan ɗara haka. Nonon ɗan Adam shi ma yana nan wajen kashi 3.5 zuwa 4. Na jaki kuwa yana tsakanin 0.3 da 1.8, kuma sau da yawa ba ya kai ko kashi 1. Ka yi lissafin da kanka: idan maiƙon rabin kashi ɗaya ne, to lita guda cur tana ɗauke da giram 5 ke nan, kwatankwacin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Lita guda ta nonon saniya tana da giram 35 zuwa 40.

Shi ya sa da za ka kai wa Bafulatana nonon jaki ka ce ta kaɗa maka man shanu, wahalar banza za ka ba ta. Maiƙon ba shi da yawa, ƙwayoyinsa kuma ƙanana ne, ba sa saurin tasowa sama. Kindirmo mai kauri ma ba zai yi ba, domin furotin ɗin da ke sa nono ya kama, wanda ake kira kesin, kaɗan ne a cikinsa. Akwai wani cuku da ake yi da shi a Zasabica ta ƙasar Sabiya, sunansa pule, ana lissafa shi cikin mafi tsada a duniya. Sai an tara wajen lita 25 kafin a samu kilo ɗaya. Ka ga tsadar tasa daga ƙarancin abin ta samo asali.

Inda nonon jaki ya yi kama da na uwa da gaske shi ne sukarinsa, wato laktos, wanda ke kai kashi 6 zuwa 7, shi ya sa yake da ɗan zaƙi-zaƙi. Furotin ɗinsa ma, kashi 1.5 zuwa 1.8, ya fi na saniya kusa da na mutum. Yana kuma da wani sinadari mai kashe wasu ƙwayoyin cuta, laisozayim, fiye da na saniya nesa ba kusa ba. To ka ga masu talla ba ƙarya zalla suke yi ba. Rabin gaskiyar suke faɗa, su haɗiye rabin da ya shafi maiƙo.

Daga dakashi zuwa yaye

Jaka tana ɗaukar ciki kusan shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya. Nonon farko da ke zuwa, dakashi, ya fi kauri kuma cike yake da sinadaran garkuwar jiki. Ga ɗan jaki wannan maganar rai ce, domin a jaki da doki garkuwar uwa ba ta ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan yana ciki. Sai ya sha dakashi a cikin yini na farko, kafin hanjinsa ya daina karɓar waɗannan sinadarai. Wanda ya tatse jaka a ranar da ta haihu, ya bar ɗan ba kariya.

Bayan dakashi sai nono na sosai ya zo, kuma shi ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Masana a Jami'ar Bari ta Italiya sun wallafa wani bincike a 2012 a kan jakunan Martina Faranka, wani irin manyan jakuna na kudancin ƙasar. Sun bi nononsu wata bayan wata har kusan wata bakwai. Abu biyu suka gani. Na farko, maiƙon ya fi yawa a farkon shayarwa, yana raguwa yayin da ɗan ke girma, ƙarfin da nonon ke bai wa jiki shi ma yana bin sa ƙasa. Na biyu, kuma wannan ne ya fi burge ni, irin maiƙon kansa yana sauyawa.

Ga yadda za ka gane shi a sauƙaƙe. Ajiye man shanu da man gyaɗa a ɗaki da sanyin hunturu. Da safe man shanu ya daskare, man gyaɗa yana nan da ruwa-ruwansa. Maiƙon kowane nono haɗin waɗannan iri biyun ne, mai daskarewa da mai ruwa. A farkon shayarwa kason mai daskarewa ya fi yawa a nonon jaka, kuma da yawansa hantsar ce da kanta ke ƙera shi. Irinsa ne ke saurin narkewa a cikin jariri ya ba shi ƙarfi nan take, daidai lokacin da ɗan jakin ba ya cin komai sai nono. Da tafiya ta yi nisa, ɗan ya fara tsinkar ciyawa, sai kason mai daskarewa ya ja baya, mai ruwa ya ƙaru, ciki har da irin wanda ya fi yawa a man zaitun da man gyaɗa.

Wato nonon ƙarshen shayarwa maiƙonsa ya fi kama da wanda likitoci ke yabawa saboda lafiyar zuciya, amma kuma a lokacin ne ya fi ƙaranci. Na farkon shayarwa ya fi maiƙo, amma a lokacin ne ɗan jakin ya fi buƙatarsa. Ba kowane bincike ba ne ya ga saukar tana tafiya a miƙe kamar an ja layi. A wasu irin jakunan an ga tana hawa da sauka, saboda abinci da yanayi suna sa hannu. Abin da kowa ya yarda da shi dai shi ne watan shayarwa yana canza nonon.

Har a tatsa guda ma akwai bambanci. Nonon da ya fara fitowa ya fi tsinkewa, na ƙarshe ya fi maiƙo. Ita kuma jaka ba kamar saniya ba ce da ke tara nono a babbar hantsa. Tata ƙarama ce, ɗan yana zuwa ya tsotsa kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, kuma ba ta sakin nono sosai idan ba ta ga ɗanta ko ta ji shi kusa ba. A gonakin Italiya sai an raba su na wajen awa uku kafin a tatsa, kuma duk da girman jakunansu da abincin da ake ba su, abin da ake samu a yini bai cika wuce lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Yawanci ma ba sa fara tatsa sai ɗan ya yi kamar wata guda. Ashe abin da na samu a kofina ranar nan nonon farko ne, wanda ya fi kowanne ruwa, daga jakar da ɗanta ya gama tsotsa ba da jimawa ba. Kawu ya san haka sarai, shi ya sa ya bar ni na je.

Damina da rani a cikin kofi ɗaya

A nan ne maganar ta dawo gida. Saniya, akuya da tunkiya dabbobi ne masu tuƙa. Ciyawar da suka ci tana fara zama a tumbi, inda ƙwayoyin bakteriya ke juya yawancin maiƙo mai ruwa ya koma mai daskarewa kafin ya shiga jini. Jaki ba ya tuƙa, cikinsa ɗaya ne kamar na doki. Maiƙon da ke cikin abincinsa yana shiga jini kusan yadda yake, ya wuce zuwa nono. Ɗanyar ciyawa tana da irin maiƙon nan da ake kira omega-3, don haka jakar da ke kiwo a kore nononta zai fi samunsa. Wadda ke kan busasshen kara kuwa, sai abin da hali ya yi.

Yanzu ka dubi Ɗambatta. Mu nan gona tana manne da gona, gero da dawa da gyaɗa da wake, ba wani dajin kiwo mai faɗi. Da damina ana ɗaure dabba a yanko mata ciyawa, daga Yuni zuwa Satumba akwai ɗanye. Da kaka akwai harawar wake da ta gyaɗa. Amma daga Maris zuwa Mayu sai kara da ɗan dusa, idan mai ita yana da hali. Kuma a daidai wannan lokacin ne aikin jaki ya fi yawa, ana ɗora masa akumari da mangala yana kai taki gona kafin ruwa ya sauka. Ka ɗauki jaka biyu, ɗaya ta haihu a Yuni, ɗaya a Disamba. Ta farko watanninta na farko za su faɗo cikin ɗanyar ciyawa. Ta biyu za ta kai wata na huɗu da na biyar cikin zafin bazara, ga yunwa ga mangala, a lokacin da maiƙon nononta dama yake kan sauka. Duka biyun "nonon jaki" za a rubuta a jikin kwalbarsu.

Alƙaluman da na kawo maka a sama na jakunan Turai ne da ake kiwo don nono kawai. Namu, su auraki da duna da fari da idabari, sun fi ƙanƙanta kuma 'yan aiki ne. Idan kana Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke nan Ɗambatta, ko tsangayar noma a Jami'ar Bayero, kana neman abin da za ka yi aikin kammalawa a kai, ga shi nan na ba ka kyauta: ka bi jaka goma daga haihuwa zuwa yaye, ka auna maiƙon nononsu wata-wata, ka rubuta abin da suka ci. In ka gama ka neme ni, ni zan rubuta labarin.

Inda abin ya daina zama wasa

Maganar sabulu mai sauƙi ce. Sabulu da mai ake yin sa, a haɗa shi da soda. Nonon da maiƙonsa cokali ɗaya ne a lita ba zai taɓa zama sabulu shi kaɗai ba. Duk sabulun nonon jaki, har na gaskiyar da ake yi a Turai, jikinsa man zaitun ne ko man kwakwa ko man kaɗanya ko manja, nonon ƙari ne kawai. Don haka kalmar "zalla" ta faɗi tun a nan. Idan kuma kika shafa wani abu fatarki ta yi fari cikin sati biyu, 'yar'uwa, ba nono ba ne ya yi aikin. Abubuwan da ke yin haka su ne irin su haidurokwinon da makuri da magungunan sitiroyid, waɗanda hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kansu. Labarin wankan sarauniya kuwa, na Kiliyofatira ya fi kama da almara. Wanda aka rubuta tun zamanin Rumawa shi ne na Fofiya, matar sarki Nero, wadda marubuci Filini ya ce tana tafiya da jakuna mata 500. Ka ga ko a wancan zamanin sai matar sarki, kuma sai da garke guda.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne zancen jarirai. Kusan rabin ƙarfin da jariri ke samu daga nonon uwa daga maiƙo yake zuwa, kuma ƙwaƙwalwarsa tana buƙatarsa don ta ginu. Nonon uwa yana ba da kalori wajen 65 zuwa 70 a kowane giram 100, na jaki wajen 40. Cikin jariri ƙarami ne, ba zai iya shan ninki biyu don ya cike giɓin ba. Zai ƙoshi da ruwa, ya yi shiru, jiki kuma yana ramewa. Idan aka yi rashin sa'a nonon na ƙarshen shayarwa ne, daga jakar da ke kan kara, to abin ya ƙara muni. A yankin da dama muke fama da tamowa, wannan ba shawarar da za a bayar a bidiyon minti ɗaya ba ce.

Gaskiya ne an taɓa shayar da jarirai da shi. A shekarun 1880 wani gidan marayu a birnin Faris ya ajiye jakuna ana kai jarirai marasa lafiya suna tsotsa kai tsaye, lokacin da babu madarar gwangwani irin ta yau. A Italiya ma har yanzu likitoci suna amfani da shi ga wasu yaran da jikinsu ba ya karɓar furotin ɗin nonon saniya. Amma a can ana dafa shi a kashe ƙwayoyin cuta, ana ƙara masa mai don a cike maiƙon da ya rasa, likita kuma yana bin nauyin yaron. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta canza ba, nonon uwa zalla har wata shida. Uwar da nononta ya ƙi zuwa, asibiti za ta nufa.

Na san wani tun ɗazu yana cewa, to ya halatta ma tukuna? Tambaya ce mai kyau. Mafi yawan malamai sun tafi a kan haramcin naman jakin gida, bisa hanin da ya zo a lokacin yaƙin Khaibara, kuma a wajensu hukuncin nono yana bin na nama. Akwai bayanai a cikin mazhabobi, musamman a kan shafawa da magani, wannan kuwa fagen malamai ne, sai ka tuntuɓi naka.

Sai kuma shi ɗan jakin, wanda ba wanda ke sa shi a lissafi. Ka tambayi duk dattijon da ya saba shiga kasuwar Ɗambatta ko ta Maigatari, zai gaya maka jakuna sun ragu, kuɗinsu kuma ya yi sama. Babura masu ƙafa uku sun karɓe wani ɓangare na aikinsu, amma babban abin da ya cinye su shi ne cinikin fata. Ana kwasar su zuwa kudu a yanka, fatar ta tafi ƙasar Sin inda ake dafa ta a yi wani magani da suke kira ejiyawo. Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, sannan a Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Adis Ababa da a hana yanka jaki don fatarsa a faɗin nahiyar. Dabbar da ke shekara guda da ciki ta haifi ɗaya ba ta saurin mayar da gurbi. Idan muka ƙara da tatse uwar a watannin farko saboda a lokacin ne nonon ya fi maiƙo, to mun haɗa wa jaki wuta ta gaba da ta baya.

Ba ina cewa sana'ar ba za ta taɓa yiwuwa a nan ba. Wasu ma suna ganin idan jaka mai rai ta fi fatarta kawo kuɗi, mutane za su daina sayar da ita ga mahauta, kuma akwai hankali a wannan. Amma mai son yi da gaske sai ya tanadi garke, da harawar da za ta kai shi bazara, da firji mai wuta, da haƙurin barin wata na farko ga ɗan. Ya kuma iya gaya wa mai saye watan da aka tatsa da abin da uwar ta ci. Kai ma mai saye, tambayoyinka ke nan: ɗan jakin wata nawa, me uwar ke ci, an dafa ko ba a dafa ba, a ina garken yake. Wanda ke da jakuna da gaske zai amsa maka ba tare da ya yi tunani ba. Wanda ya dama madarar gari a bayan ɗaki kuwa, zai koma ba ka labarin Kiliyofatira.

Abokin nawa dai na tura masa lissafin: jaka ɗaya, 'yar aiki, da kyar ta cika mana kofi a yini, shi ma sai an hana ɗanta. Ya karanta, ya turo mini alamar dariya, ya ce to mu koma maganar kiwon zabi. Ɗan jakin Kawu yanzu ya shiga wata na shida, yana bin uwarsa gona yana tsinkar harawa a gefen mangala, kuma Kawu ya riga ya ƙi tayin mutum biyu a kansa.